Layi biyu a kan sunana

Ba Alhaji ba ne ni, amma a banki duk wanda ya shigo da shadda mai sitaci Alhaji ne. Ranar wata Talata, saura kamar sati uku a kama azumin bara, na sa farar shaddata na ɗauki dosiye na tafi neman bashin sefa miliyan 2. Shekara 11 ke nan ina sayar da kayan gyaran babur a Sabon Gari, nan Damagaram, kuma na san lokacina: in Salla ta matso, 'yan kabu-kabu kowa so yake ya canza taya da sarƙa da fulogi. Niyyata in tafi Kano ta Matamai in yi lodi sau ɗaya mai kauri kafin kaya su hau.

Yaron da ke riƙe da dosiyena bai fi sa'an ɗana na fari ba. Ya daɗe yana kallon kwamfuta yana taɓa haɓa, sannan ya rage murya don kada na bayana su ji.

"Alhaji, akwai 'yar matsala. Ana bin ka bashi wuri biyu."

Na ce masa ya sake dubawa, wataƙila wani ne. Ya karanto sunan mahaifina da lambar katin shaidata. Ni ne. Ban yi fushi a nan take ba, kunya ce ta fara rufe ni. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, na yarda. Amma mu da muka taso muna jin ana tambaya a wurin jana'iza ko akwai mai bin mamaci kafin a ɗaura salla, ba ƙaramin abu ba ne a ce maka akwai haƙƙin wani a wuyanka kai ba ka sani ba. Na fito ban ma tuna inda na jingine babur ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma na lura rabin 'yan layinmu ba su sani ba har yau, shi ne akwai wurin da ake tara tarihin bashin mutum. Ƙasashe 8 masu amfani da sefa ta yammacin Afirka, wato mu da Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo, sun amince da doka guda a 2013 kan ofisoshin tattara bayanan bashi, waɗanda ma'aikatan banki ke ce wa BIC. Babban banki BCEAO ne ke ba da lasisi yana kuma sa ido. Kamfanin da ya samu lasisin shi ne Creditinfo, hedkwatarsa a Abijan, ya fara aiki a 2016. Bankuna da kes-kes na ba da ƙananan basussuka su ne ke tura masa bayani a kai a kai: wane ya karɓi nawa, yana biya kan lokaci ko yana jinkiri, saura nawa. In ka je neman bashi a wani wuri, sai su buɗe su gani. Da na ce wa yaron ni ban taɓa ba kowa izinin ya kai sunana Abijan ba, ya jawo wata takarda daga cikin dosiyen da na kawo da hannuna ya nuna mini. Takardar amincewa ce, ga sa hannuna a ƙasa, ko awa ɗaya bai yi ba. Na sa irinta a baya ma, a wani wurin. Faransancina na aji shida ne, amma gaskiya ba shi ya hana ni karantawa ba, ɗokin kuɗi ne.

Washegari na koma ba shadda. Na ce ina so in gani da idona. A nan na ji cewa doka ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma in ka ga abin da ba daidai ba kana da damar ƙalubalantarsa. Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, shi ya taya ni cika buƙatar, aka haɗa da hoton katin shaida aka tura. Bayan 'yan kwanaki takarda ta zo, shafi uku. Na kai wa wani abokina mushe, wato malamin boko, da ke koyarwa a wata lakwal ta Birni, muka zauna a ƙofar gidansa bayan La'asar yana karantawa yana fassara mini layi-layi.

Layi na farko: wata kes da na ci bashin jikka 600 a wurinta a 2021. ('Yan uwa na Kano da Daura, jikka ɗaya sefa 1,000 ce, kada ku rikice.) An rubuta cewa saura jikka 55 ban biya ba, an kuma miƙa ni ga sashen karɓo bashi. Layi na biyu bashin jikka 400 ne wanda ban karɓa ba, amma sunana na jikinsa a matsayin wanda ya tsaya. Da mushe ya karanto wannan na biyun sai na yi shiru, don na gane shi. Zan dawo kansa.

Na farkon ne ya hana ni barci, domin na biya shi tas. Ina tune da ranar. Biyan wata 12 ne, jikka 55 kowane wata. Sha ɗaya na kai da ƙafata. Na ƙarshen ya faɗo lokacin da mahaifiyata ke kwance a asibiti, na yi jinkirin kwana tara, sai ga ma'aikacin kes ɗin ya zo shago a kan babur da jakarsa a rataye. Na ƙirga masa kuɗin a kan kanta, ya rubuta mini resi da biro, ya yage ya ba ni, har na ba shi ruwan leda ya sha. Daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba, ba kira, ba takarda. Ni a wurina magana ta ƙare. Ashe kuɗin ba su taɓa shiga kwamfutarsu ba, ko kuwa sun shiga kan sunan wani, Allah masani. Shekara kusan uku kwamfuta na ƙirga mini jinkiri ina nan ina gaisawa da ma'aikatansu a masallacin Juma'a.

Ina da wata al'ada da na gada wurin mahaifina. Shi da waya mai ƙugiya yake soke takardunsa ya rataye a bango. Ni gwangwanin madara nake tura su ciki in ɗora a saman kanta. Daren nan na kwaso gwangwanaye huɗu na zazzage su a tabarma, uwargida ta riƙe mini fitilar salula saboda an ɗauke wuta. Abin da na gani ya ɗaga mini hankali fiye da rahoton. Duk resin da inji ya buga, irin mai santsin nan da ake ba ka a gishe, wato tagar biyan kuɗi, ya koma fari fat. Zafin kwanon shagona ya shanye rubutun. Sai ka ɗaga takarda ka karkata ta ga haske ka ga inuwar lambobi kamar sawun tururuwa, ba abin da za ka iya nuna wa wani. Guda sha ɗaya, ba ko ɗaya mai karantuwa. Wanda ya tsira shi ne wanda na fi rainawa: na biron nan, shuɗi, a ninke huɗu, da ɗigon man inji a gefe. Kwanan wata ya fito, jikka 55 ta fito da lamba da kuma harafi, ga kashen kes ɗin, wato hatiminta, a kai, ga lambar resi a sama. Uwargida ta ce, "Malam, ka ga amfanin tarkacen da nake ce maka ka ƙone." Ita ce mai cewa a ƙone, amma a daren nan ita ta ci nasara, ban yi musu ba.

Da safe na yi fotokopi biyar. Asalin kuwa na sa shi cikin leda na saka a aljihun ciki. Shawarar mushe ce, kuma ita ce shawara mafi tsada da na samu kyauta: kada ka bar asalin resi a hannun kowa, ko da shugaban wurin ne, a gani a mayar maka.

Akwai abin da ya kamata mutum ya fahimta a nan, don ni sai da na ɓata kwana biyu ina zagin waɗanda ba su yi mini komai ba. Ofishin tattara bayanan ba shi ke ƙirƙiro lambobin ba. Abin da banki ko kes ta tura masa shi yake ajiyewa. In ka kai ƙorafi, komawa yake ga wanda ya turo bayanin ya ce ga abin da mai suna ya ce, ku tabbatar ko ku gyara, kuma doka ta yanka musu wa'adi. In an gama ba ka gamsu ba, kana iya kai kukanka BCEAO, wadda ma tana da reshe a nan Damagaram. Saboda haka gyara na gaskiya daga inda kuskuren ya taso yake fitowa. Na yi abu biyu a rana ɗaya: na tura ƙorafi a rubuce ga ofishin bayanan tare da hoton resin, na kuma ɗauki wata takardar na nufi kes ɗin da ƙafata. Zuwa da kai ya fi aike.

Zuwan farko aka ce shugaban reshe ya tafi Mirya. Na biyu aka ce ma'aikacin da ya karɓi kuɗina ya bar aiki tuntuni, kamar dai wannan ya wanke su. Wata madam a gishe ta ce, "Baba, ka biya 55 ɗin mana ka huta, ai ba yawa." Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, na yi tunanin hakan a hanya. Abin da ya hana ni ba rowa ba ce. In na sake biya yau, abin da zai shiga tarihina shi ne na biya bayan jinkirin shekara uku. Na sayi tabon da ba nawa ba da kuɗina ke nan. Ni so nake a rubuta cewa na biya a ranar da na biya.

Na ce mata, "'Yata, ba kuɗi na kawo ba, takarda na kawo. Ki buga mini kashe a kan kwafina, ki sa kwanan wata, shaidar kun karɓa."

Ta yi jim, ta shiga ciki, ta dawo ta buga. Daga ranar da kashen nan ya hau takardata yanayin maganarsu ya canza. Kafin nan ni dattijo ne mai surutu a bakin gishe. Bayan nan na zama dosiye mai lamba da wani zai amsa tambaya a kansa.

Zuwa na huɗu na samu shugaban. Mutumin kirki ne, ban da abin da zan ce. Ya sa aka shiga ɗakin ajiya aka fito da tsoffin littattafan resi ɗaure da igiyar roba, ƙura ta yi musu rawani. Muka bi lamba. Ga gindin resina nan a jikin littafin, rubutun kabon ya yi dishi-dishi amma lambar ɗaya ce, kuɗin ɗaya ne, sunana ne. Ya daɗe yana kallonsa. Bai ba ni haƙuri da baki ba, sai ya sa aka kawo mini shayi, wanda a wurin ma'aikaci kusan duk ɗaya ne. Na roƙi abu biyu: takardar shaidar cewa na gama biya, mai ɗauke da ainihin kwanan watan 2022 ba na yau ba, da kuma su tura gyara ga ofishin bayanan. Takardar na samu a sati. Gyaran kuwa sai da na yi ta leƙawa. Tun daga ranar da na kai ƙorafi har ranar da na ga layin ya koma daidai, kwana arba'in da 'yan kai ne. Azumi ya zo ya wuce, Salla ta wuce, kasuwar da na yi wa shiri wasu suka ci.

A tsakiyar wannan jiran ne wani ya same ni a shago. Ban san wa ya kai masa labari ba, amma a Damagaram in ka yi atishawa a Zango sai a ce maka "yarhamukallah" a Garin Malam. Saurayi ne tsaf-tsaf, da kwamfutar hannu a jaka. Ya ce yana da mutum a Yamai, in na ba da jikka 75 za a goge sunana gaba ɗaya, layi biyun duka, cikin kwana uku. Na tambaye shi, in an goge, wata mai zuwa da kes ɗin za ta sake tura bayananta fa, me zai hana layin dawowa? Ya ce mutumin nasa zai kula. Na ce to a bari sai an goge in biya. Ya ce ba haka ake yi ba. Na ce ni ma ba haka nake yi ba. Ya sha ruwa ya tafi. Na san mutum biyu a layinmu da suka ba irinsa kuɗi. Ɗaya an kawo masa takarda mai launi da tambari, ya kai banki yana taƙama, aka buɗe kwamfuta bashinsa na nan ko gezau. Kuskure ana gyara shi ba ko dala, ban da kuɗin fotokopi da man babur. Abin da yake gaskiya kuwa babu mai iya goge maka shi, sai dai ya goge maka aljihu.

Wannan ya kawo ni layi na biyu, wanda ba kuskure ba ne.

Ƙanen uwargida ne. Yaro mai hankali, yana saro atamfa da takalma daga Kano yana kaiwa Kasuwar Dole. A farkon 2023 ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, kes ta ce sai da mai tsaya mini." Na bi shi muka je. Na tuna an sa na rubuta adadin kuɗin da hannuna, da lamba da harafi, na yi ta mita ina cewa wannan wane irin ɓata lokaci ne. Daga baya mushe ya bayyana mini cewa dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasarmu da wasu ƙasashen Afirka ke bi tare, ita ce ta shar'anta haka, don kada mai tsayawa ya ce bai san nauyin da ya ɗauka ba, har ma in mutum bai iya rubutu ba sai an kawo shaidu biyu. Kuma a dokar, in ba a rubuta akasin haka ba, mai tsayawa da mai cin bashin ɗaure suke da igiya ɗaya: in wancan ya gaza, kai za a kama. Mu a nan muna ɗaukar tsayawa kamar rakiya ce, ka raka yaro ka sa hannu ka dawo shago. Ashe bashin ka ci, kuɗin ne kawai ba su shiga aljihunka ba.

Yaron ya fara biya lafiya. Sai aka rufe iyaka da Najeriya a watan Agustan 2023, ba a buɗe ta can ɓangaren ba sai Maris na 2024. Kowa a garin nan ya san abin da watannin nan suka yi wa mai ƙaramin jari. Kayan da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya suka ninka kuɗi, masu saye suka koma neman hatsi. Ya ci jarin, ya daina biya, ya kuma ɓoye mini saboda nauyi. Takardun gargaɗin da aka rubuto mini, shagonsa aka riƙa kaiwa, shi kuma yana turawa ƙarƙashin buhu.

Na kira shi gida bayan Isha'i. Bai iya ɗaga kai ba. Yayarsa ta fi ni zafi, har sai da na ce ta shiga ciki. Ni abin da ya ɓata mini rai ba gazawar ba ce, kowa ya gaza a shekarar nan. Da ya faɗa mini tun watan farko, jikka talatin-talatin ba za ta gagare mu ba mu biyu, da sunana da nasa ba su kai inda suka kai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, muna jin ta a tafsiri kowace shekara muna gyaɗa kai. Amma tsakanin suruki da suruki, tambayar "ka biya na wannan watan?" sai ta yi mana nauyi a baki. Ni ma ban taɓa tambayarsa ba, ko sau ɗaya.

Saura jikka 170 da tarar jinkiri. Muka je tare. Na roƙi a sassauta tarar, aka rage wani abu, aka rubuta sabuwar yarjejeniya, wannan karon na sa mushe ya karanta mini ita kafin biro ya taɓa takarda. Na biya jikka 100 a take daga kuɗin da na ware na ragon layya, ragowar aka raba wata huɗu. Na tambayi shugaban wannan wurin ko in mun gama za a cire layin. Ya ce a'a, za a rubuta an biya, amma jinkirin da aka yi zai ci gaba da fitowa, tarihin yakan zauna har shekara 5. Na so in yi gardama, sai na ga ba ni da ta cewa. An yi jinkirin. Da mai tsaya wa wani zai zo shagona neman kaya bashi, ni ma zan so in san yadda tsayawarsa ta baya ta ƙare.

Wani abin da na gano a hanya, don masu irin sunana: mutanenmu da yawa a takardarsu an rubuta an haife su "wajen" shekara kaza, sai kwamfuta ta mayar da su duka 1 ga Janairu. Ga suna ɗaya ana rubuta shi iri uku, yau Mahamadou, gobe Mahamane, jibi Maman. Mai suna irin naka, da sunan uba irin naka, da ranar haihuwa irin taka, ba abin mamaki ba ne a jiha ɗaya a samu da yawa. Ni Allah ya tsare ni daga wannan, amma da muna karanta rahoton abin da mushe ya fara dubawa ke nan kafin lambobin kuɗi: suna, lambar kati, wurin haihuwa, lambar salula. A nawa an sa tsohuwar lambar da na yar tun 2019, na haɗa da ita a cikin ƙorafin aka gyara.

Bayan Babbar Salla na koma bankin da sabon rahoto da takardun shaida biyu. Yaron ya buɗe kwamfuta, layin farko ya nuna an biya a 2022, babu jinkirin shekara uku. Na biyun yana nan, an rubuta ana biya bisa yarjejeniya. Ba su ba ni miliyan 2 ba. Miliyan 1 da jikka 200 suka amince, suka ce in na gama wannan lafiya a sake zama. Na karɓa. Resin farko da inji ya buga mini, ban bar bakin bankin ba sai da na ɗauki hotonsa da salula, na tsallaka titi na yi fotokopi, tun rubutun na da baƙinsa.

Ƙanen uwargida yanzu yana tsaron shagona da rana in na tafi Kano. Duk ranar Alhamis, in kasuwa ta tashi, yana kawo jikka 5 daga abin da na biya masa, in rubuta a littafi mu sa hannu mu biyu. Ranar farko ya ce, "Haba Yaya, har da sa hannu?" Na miƙa masa biro. Saura jikka 35.